Yadda ake neman tallafin gwamnati don gyara karatun yara 'yan rabin aji

Jama'a salamu alaikum. Wannan bayanin na hedimastoci ne da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ma'aikatan ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, har da ƙungiyoyin unguwa masu son a gyara musu ajin yara ƙanana, 'yan shekara uku zuwa biyar ɗin nan da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Na daɗe ina zama da kwamitoci muna haɗa irin wannan takarda, wasu an ci wasu ba a ci ba, kuma abin da ido ya gane min shi ne masu raba kuɗin nan ba sa bin wanda ya fi iya kuka. Kowa makarantarsa a lalace take, kowa yana da hoton rufin da iska ta yaye. Wanda ake ba shi ne wanda ya iya faɗin yaransa nawa, wa zai koyar da su, kuma wa zai ci gaba da riƙe abin in kuɗin ya ƙare.

Abubuwan da za ka tanada tun kafin a fitar da sanarwa

Ka tara su a fayil guda tun yanzu, domin in sanarwa ta fito lokacin da ake bayarwa ba ya da yawa, ba ranar ne za ka fara neman inda littafin minit ya shige ba.

- Rajistar yara ta bana da ta bara, da kwafin fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara da kuka cike kuka mayar wa ofis.
- Littafin minit na taron SBMC da sunayen mambobi da sa hannunsu. In kwamitinku suna ne kawai ba a taɓa zama ba, toh ku fara zama daga wannan watan, kar ku zauna dare ɗaya ku ƙirƙiri minit na shekara biyu da biro ɗaya da hannu ɗaya, ana ganewa.
- Asusun banki da sunan kwamitin makaranta, mai sa hannun mutum biyu ko uku. Asusun hedimasta na kansa ba ya shiga nan ko kaɗan.
- Tsarin raya makaranta, wanda kwamiti ya zauna ya jera buƙatu daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa.
- Takardar fili, in akwai gini a cikin abin da kuke nema. In babu, a samu wasiƙar dagaci ko hakimi da ta ƙaramar hukuma cewa filin na makaranta ne kuma babu rigima a kansa.
- Waya mai kyamara, tef na awo, babban littafi na shiga gida-gida.
- Kwamfuta. In babu, shagon buga takardu ya wadatar, amma ka je da filas ɗinka ka karɓi kwafi, kuma ka tsaya a goge naku daga kwamfutarsu.

In ku ƙungiya ce ba makaranta ba, ƙara da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), lambar haraji, takardar SCUML (sashen yaƙi da halatta kuɗin haram) da banki ke nema, da rahoton odita in kuna da shi. In ba ku yi rajista ba tukuna, ku shiga ƙarƙashin kwamitin wata makarantar gwamnati da ke kusa, su nema ku ku zama abokan aiki.

1. Gane ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, wato UBEC, ke riƙe da shi. Rabin wannan kuɗin ana ba jihohi ne da sharaɗi, sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sannan SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jihar, ta kai tsarin ayyukan da za ta yi a amince. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi kuwa, kashi 5 ne kacal na ajin yara ƙanana, firamare 60, ƙaramar sakandare 35. Ka ga ke nan abin kaɗan ne, masu nema da yawa, dole a yi takara.

Wannan ita ce ƙofa ta farko, amma makaranta ba ta neman kuɗin kai tsaye daga Abuja. Hanyarsa daga hedimasta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa SUBEB, burinka shi ne sunan makarantarku ko gungun makarantunku ya shiga cikin tsarin ayyukan jiha kafin a rufe shi. Ƙofa ta biyu ita ce shirin SBMC-SIP na UBEC na gyara makarantu, wanda kwamitin makaranta ke cike fom a tantance, in an ci kuɗi ya shiga asusun kwamiti su yi aikin da kansu. Ta uku su ne shirye-shiryen da ake yi da kuɗin abokan hulɗa na waje amma ta hannun gwamnati, irin NIPEP da aka fara a 2015 da dala miliyan 100 a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, wanda ya riƙa tura tallafi asusun makarantu har da kason ajin share fagen firamare. Shi dai ya ƙare, amma irinsa na zuwa lokaci-lokaci, kuma takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne.

Ka saba da teburin mai kula da ajin yara ƙanana da na sashen wayar da kan jama'a a ofishin ilimi, su ke fara jin labari. Duk saƙon da ya zo ta WhatsApp wai a tura kuɗin fom ko a tura wani abu sunanku ya fito, tashi ka je ofis da ƙafarka ka tambaya kafin ka taɓa aljihu. Masu makarantar kuɗi da islamiyyu kuma ku fara duba ko kuna cikin waɗanda aka yarda su nema, galibin kuɗin nan na makarantun gwamnati ne, kar ku sha wahalar banza.

2. Karanta sanarwar har ƙarshe, ka fitar da makin

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Mutum ya ji an ce akwai tallafi sai ya kama rubutu. A'a malam, zauna. Karanta sanarwar da ƙa'idojinta da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin abu huɗu: wa ya cancanta, nawa ne iyakar kuɗin, me aka hana saya da shi, yaushe ake rufewa. Daga nan ka nemo inda aka faɗi yadda za a ba da maki. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku, gidan farko abin da suka tambaya, na biyu makinsa, na uku hujjar da kake da ita a hannu. Duk layin da gidansa na uku ya zauna fayau, nan aikinka yake. Ku malamai ne, kun san ɗalibin da ya cika shafi uku a tambaya mai maki biyar ya bar mai maki ashirin babu komai, kun kuma san abin da yake samu.

In ba a rubuta makin ba, jerin tambayoyin fom ɗin shi ne makin, bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. A Amurka a 2011 gwamnatin tarayyarsu ta sa dala miliyan 500 a gasar da ta kira Race to the Top Early Learning Challenge, jihohi 35 da birnin Washington da Puerto Rico suka nema, jihohi 9 kawai suka ci a zagayen farko. Abin da aka riƙa ba maki a kai shi ne tsarin auna ingancin cibiyoyin yara, horar da malamai, tattara bayanai, gwada shirin yaro lokacin shiga makaranta, da haɗin kan ma'aikatun da abin ya shafa. Na kawo shi ne don ka ga inda hankalin masu ba da irin wannan kuɗin yake karkata, namu ma in ka lura tambayoyinsu can suke dosa.

3. Ƙidaya yaran, da gaske

Kar ka rubuta "yara da dama ba sa zuwa makaranta". Nawa ne? Ku raba unguwannin da makarantar ke ɗauka, kowace unguwa mutum biyu, kuma lallai a samu mace a ciki domin ita ke iya shiga cikin gida ta yi magana da uwa. A fara sanar da mai unguwa, shi zai sa a yi shela. Kowane gida a rubuta yara 'yan shekara uku zuwa biyar, maza nawa mata nawa, wa ke zuwa wani wuri wa ke zaune a gida, akwai mai lalurar ji ko gani ko tafiya, kuma tafiyar minti nawa ce zuwa makaranta da ƙafar yaro, ba da ƙafar babba ba.

Shekaru za su ba ku wahala. In babu takardar haihuwa a duba katin rigakafi, yawanci akwai ranar haihuwa a jiki. In shi ma babu sai a bi da lissafin uwa, azumi nawa aka yi da haihuwarsa, damina nawa, ko a gwada shi da sa'ansa na maƙwabta mai kati. Waɗanda ba su da takardar haihuwa ku ware sunayensu, yi musu rajista da hukumar ƙidaya ta ƙasa ma abu ne da za ku iya sawa cikin aikin kuma ba ya cin kuɗi sosai.

Ku leƙa aji ɗaya ku ƙirga ƙananan da suka biyo yayyensu suna zaune a bayan aji, wasu ma barci suke. Wannan adadin hujja ce mai ƙarfi, domin yana nuna iyaye na son turo yaran, wurin ajiye su ne babu, kuma su ke ƙara cunkushe aji ɗaya.

Gargaɗi: kar a ƙara ko yaro ɗaya. Ana zuwa tantancewa, wani lokaci ba sanarwa, kuma za a gwada adadinku da abin da kuka cike a ƙidayar makarantu. In kun ce 200 a nan, a can kun ce 70, ko dai ku yi bayanin bambancin a rubuce ko a ajiye takardarku gefe. Alƙaluman jiha baki ɗaya kuma akwai su a binciken gida-gida kan halin yara da mata, wato MICS na 2021, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNICEF, layi ɗaya ko biyu daga ciki ya isa, naku na unguwa shi ya fi nauyi.

Ku auna ɗakin da tef, tsawo da faɗi, ku ɗauki hoton ƙasa da rufi da taga da banɗaki da inda ake samun ruwa. Hoton fuskar yara sai da yardar iyaye, in ba haka ba a ɗauka ta bayansu.

4. Tara mutanen da abin ya shafa

A kira taro, a rubuta minit, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mai unguwa, liman, malaman islamiyya da na allo, ƙungiyar iyaye mata, shugaban asibitin unguwa, wakilin ofishin ilimi. Malaman islamiyya kar a raina zuwansu, in lokacin ajinku ya ci karo da nasu iyaye nasu za su zaɓa, gara a daidaita tun a zaune. Mai asibiti kuma dalilinsa shi ne manufar ƙasa ta 2007 kan raya yara ƙanana ta haɗa ilimi da lafiya da abinci wuri ɗaya, toh in takardarku ta nuna ma'aikacin lafiya zai riƙa zuwa duba rigakafi da ba da maganin tsutsar ciki da auna yara, kun sha gaban masu neman fenti da benci kawai.

Wasiƙun goyon baya su faɗi abu takamaimai. "Muna goyon baya ɗari bisa ɗari" ba ta da maki. "Za mu kawo yashi tifa biyu da ruwan gini" ko "za mu ba da mata biyu masu taimaka wa malama kullum" ita ce wasiƙa.

5. Zaɓi abin da za ku gyara, ku fara da malami

A nan zan ɗan daɗe. Kusan kowane kwamiti in ka tambaye su me suke so, gini za su ce. Ginin yana da amfani, amma na sha shiga aji sabo fil da fenti mai kyau da zanen giwa a bango, yara sittin a ƙasa, malama ɗaya riƙe da bulala tana sa 'yan shekara huɗu maimaita abin da ke kan allo tun safe har tashi. An kashe kuɗi, karatun bai canja ba. Masu duba takarda sun san wannan sarai, shi ya sa in suka ga kasafi gaba ɗaya siminti ne da kwano sai jikinsu ya yi sanyi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage ga 'yan shekara biyar kafin aji ɗaya, kuma ta ce malami ɗaya ga yara 25. Da wannan za ka yi lissafi. A ce ƙidayarku ta ba da yara 150 kuma malama ɗaya gare ku, kar ka yi alkawarin ɗaukar duka a shekarar farko, ba mai yarda. Ka ce bana za mu fara da 'yan shekara biyar, aji biyu, malamai biyu da mataimaka biyu daga unguwa, baɗi a ƙara. Ƙaramin alkawari da ake iya cikawa ya fi samun maki.

Wa za a ba ajin? Al'adar da aka saba ita ce a tura wanda aka rasa inda za a kai shi, ko wadda ta kusa ritaya, ko 'yar sa kai da ba a biya. Ku nemi mai NCE, in da hali wadda ta karanci fannin yara ƙanana, kwalejojin ilimi da yawa suna da sashen. Ku tambayi sakataren ilimi, sau da yawa akwai irinsu a ƙaramar hukumar an tura su suna koyar da aji biyar. In babu, a zaɓi mai haƙuri da yara da son aikin a sa horonta cikin kasafi. Sannan ku roƙi wasiƙa daga ofis cewa wadda aka horar ba za a yi mata canjin wurin aiki ba har tsawon aikin, domin ba abin da ke kashe irin wannan shiri kamar a horar da malama wannan zangon, zango mai zuwa a ɗauke ta.

Horon kansa kar ya zama bita ta kwana uku a ci shinkafa a raba takardar shaida a watse. Ku rubuta cewa bayan bitar mai duba makarantu ko wata gogaggiyar malama za ta riƙa shiga ajin tana zama tana gani, kuma malaman rabin aji na makarantun da ke kusa za su riƙa haɗuwa wata-wata. In kuna iya haɗa makarantu huɗu ko biyar ku nema tare, ya fi, horo ɗaya ya ishe ku duka, kuma shi ne ake kira gyaran tsari, ba gyaran ɗaki ɗaya ba.

Kayan aji kuma a bi manhajar wannan matakin ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ku nemi kwafi a ofis ku ambace ta. Tabarmi ko ledar ƙasa, ƙananan tebura daidai tsawon yara, allo a ƙasa-ƙasa inda hannunsu zai kai, littattafan hoto, akwati mai makulli. Kayan wasa ba sai na kanti ba, masu tsadar nan na roba zango ɗaya suke yi su karye. Kafinta zai yanka muku 'yan katakai ya goge su, akwai laka, kwali, karan dawa, ƙyallayen tela, tsofaffin tayoyi a fili. A guji ƙananan abubuwa da yaro zai iya haɗiyewa ko ya tura a hanci. Tatsuniya da waƙa da wasan tafa hannu ku sa su cikin jadawali da sunansu, kakanni mata na unguwa za su zo su yi in an girmama su an gayyace su.

Abu uku ne a gini ba na yarda a bari: banɗaki mai ƙaramin rami da yaro ba zai ji tsoro ba, ruwan sha da na wanke hannu, da shinge in makarantar na bakin titi ko kusa da kududdufi. In akwai tsohon aji da za a iya gyarawa, a gyara, rarar ta tafi wajen malami da kaya.

6. Kasafi

Kowane layi ya zama abu kaza, guda nawa, kuɗin ɗaya, jimla. Ban da "kayan koyarwa" dunƙule da kuɗi a gabansa. Ku karɓo farashi a rubuce daga shago uku ku liƙa a baya. In da gini, a samu injiniya ko mai lissafin gini na ƙaramar hukuma ya fitar da adadin bulo da siminti da katako, kar a dogara da bakin birkila kaɗai. A tuna da kuɗin dako da na mota da leburanci, da harajin VAT na kashi 7.5 inda ya shafa. Farashi na tashi tsakanin ranar da kuka rubuta da ranar da kuɗi zai shigo, toh ku rubuta ranar da kuka ɗauki farashin, in ƙa'ida ta yarda da ɗan kason ko-ta-kwana ku sa, in ba ta yarda ba kar ku ɓoye shi cikin kuɗin siminti.

Kar ku wuce iyakar kuɗin ko da naira ɗaya. Albashi da alawus ɗin zama galibi ba a yarda da su ba, duba kafin ka sa. Gudummawar al'umma kuma, wadda yawanci ake nema, ba dole sai tsabar kuɗi ba, yashi, ruwa, fili, aikin ƙarfi na matasa, duk a yi musu kuɗi a rubuta a layinsu daban. A ƙarshe mutum biyu su tara lissafin kowa shi kaɗai da kalkuleta. Kuma duk abin da ke cikin kasafi ya zama an ambace shi a bayani, duk abin da ke cikin bayani ya zama yana da kuɗinsa, in ka ce za a yi horo amma babu layin horo an kama ka.

7. In kuɗin ya ƙare fa?

Za a tambaya, kuma "da yardar Allah al'umma za ta ci gaba" ba amsa ba ce a wajensu. Faɗi wa ke biyan malama, in ma'aikaciyar gwamnati ce ka ce haka ka liƙa shaida. Faɗi wa zai riƙa sayen sabulu da alli da gyaran famfo, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ko 'yan kasuwar unguwa ko kwamiti. Abin da ba za ka rubuta ba shi ne za a sa wa iyaye kuɗin wata, ilimin matakin farko a makarantar gwamnati kyauta ne a doka, wannan layin kaɗai zai iya jawo muku matsala.

8. Yadda za a gane an yi aiki

Abu uku ko huɗu sun isa, kowanne da adadin yau da adadin da ake so da ranar dubawa. Yara nawa aka rubuta, nawa ke zuwa kullum, domin rubuta suna daban zuwa daban, mata nawa a ciki, nawa suka wuce aji ɗaya a shekarun da ya dace. Za ku iya ƙara ɗan gwaji mai sauƙi a farkon shekara da ƙarshenta, yaro na iya riƙe fensir, ƙirga abu goma, faɗin sunansa da na mahaifinsa, sauraron labari ya maimaita. Ba jarrabawa ba ce, kar a tsorata yara. Wannan sashen ku ɗauke shi da muhimmanci, tun shirin ilimi na BESDA na 2017 mai dala miliyan 611 da aka yi da Bankin Duniya, jihohi suka ɗanɗana tsarin sai an tantance sakamako ake sakin kuɗi, jami'ai sun saba da tambayar ina shaida.

9. Rubutawa

Galibi da Turanci ake so. Ku tattauna komai da Hausa a taro a rubuta, sannan wanda ya iya ya mayar, a dawo a karanta wa kwamiti a fassara musu su ji ko abin da suka ce ne. Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, ba a ba da maki don manyan kalmomi. Bi kanun fom ɗin yadda suke, kar ka sake musu tsari, in an ce shafi biyar kar ka kai shida. Mai dubawa yana da tari a gabansa kuma a gajiye yake, sa masa amsar a layin farko na kowane sashe, in ka ambaci hujja ka faɗi shafin da take.

Kar ku ari takardar wata makaranta ku canja suna. Na taɓa ganin wadda aka manta sunan wancan ƙauyen a shafi na uku, kuma masu rubuta wa mutane don kuɗi abu ɗaya suke sayar wa kowa. In kun gama ku ba wani da bai san makarantarku ba, ku haɗa masa da takardar makin nan ta mataki na biyu ya yi muku maki ba sani ba sabo. Inda ya tsaya ya ce ban gane ba, gyara wurin, kar ka tsaya yi masa bayani da baki, ranar dubawa ba ka nan.

10. Miƙawa

Kwana biyu ko uku kafin a rufe. In ta intanet ne ranar ƙarshe shafin kan cushe ko netwok ya ɗauke, in an karɓa ka ɗauki hoton shaidar. In ta hannu ce ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka ka dawo da shi fayil. Duba sa hannu da hatimi a duk inda aka ce, takardu masu kyau da yawa a nan suke faɗuwa tun kafin a karanta su. Daga nan ku zauna cikin shiri, shugaban kwamiti da ma'aji da shugabar mata kowa ya san abin da aka nema da nawa ne, domin masu tantancewa kan ja mutum gefe su tambaye shi shi kaɗai. Kar a aro yara daga wata unguwa ranar da za su zo.

11. Bayan sakamako

In an ci, a kira taron gari a faɗi adadin kuɗin a bainar jama'a, a rubuta a kwali a manna a bangon makaranta, wannan ke kashe zargi tun bai taso ba. Yawanci kashi-kashi ake sakin kuɗin, na biyu ba ya fitowa sai an ga yadda aka kashe na farko, don haka kowace naira da rasit ɗinta, a biya ta banki inda zai yiwu, kar a kwashe kuɗin gaba ɗaya a ajiye a gidan wani. Mai kayan da ba shi da rasit a rubuta masa takarda ya sa hannu da shaidu biyu. Hoto kafin aiki, ana cikin aiki, bayan aiki. In farashi ya tashi dole sai an canja wani abu, a rubuta wa ofis a jira amsa a rubuce kafin a taɓa. Wanda duk ya zo neman kasonsa a ce masa kwamiti ne ke sa hannu kuma komai a bango yake.

In ba a ci ba, a rubuta wasiƙa cikin ladabi a nemi sanin inda aka gaza, wani lokaci ana faɗa. Ƙidayar da kuka yi da farashi da wasiƙu duk suna nan, sabuntawa kawai za a yi zagaye na gaba. Kafin nan ku fara abin da ba ya buƙatar kuɗi, a ware ƙananan nan daga aji ɗaya ko a inuwar bishiya ce, a ba su malama da tabarma da rajistarsu daban, a riƙa kiran suna kullum, sai ku liƙa kwafin rajistar a takardar da za ku kai baɗi.